Goggo, wai ina alherin yake a cikin wannan wahalar?

Assalamu alaikum 'ya'yana da ƙannena masu bin wannan fili. Wannan makon saƙonni sun taru sosai, kuma kusan rabinsu magana ɗaya suke yi duk da masu turowar basu san juna ba, maganar wahala da ɓacin rai da yadda mutum zai yi da su. Na ɗauko guda uku, kamar kullum na cire sunaye, sauran ku yi min uzuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA TA FARKO, daga Pantami, Gombe

Goggo ina wuni, ya ƙoƙari. Ni mace ce shekarata 34. Maigidana ya rasu shekara biyu kenan, hatsarin mota a hanyar Bauchi, ya bar ni da yara huɗu, babbar tana aji biyu a sakandare ƙaramin kuwa lokacin ko yaye shi ban yi ba. Tun ranar zaman makoki har yau maganar da nake ji ita ce ki yi haƙuri akwai alherin da Allah ya ɓoye miki a ciki. Wallahi Goggo na yarda da ƙaddara ban taɓa cewa don me ba, amma duk sanda aka ce min alheri ne sai inji wani abu ya tokare min ƙirji kamar in yi ihu. Bayan na fita takaba na jawo keken ɗinkin da ya saya min tun ina amarya wanda da ko kallonsa bana yi, yanzu Alhamdulillah da shi nake biyan kuɗin makarantar yara har ina da 'yan mata biyu masu koyo a wajena. To shi ne wata ƙawata tace min kin gani ko, ga alherin nan ya fito, da yana raye da har yanzu kina zaune kina jiran a baki. Goggo ranar ban runtsa ba. Wato ran mijina ne kuɗin keken ɗinki? Har yanzu ina kuka da daddare in yara sun yi barci. Dan Allah imanina ne yake da rauni ko me ke damuna?

AMSA

'Yata, Allah ya jiƙan maigidanki ya sa can ta fiye masa nan, ya raya miki yaran nan ya yi musu albarka. Bari in fara da abun da ya fi ci miki rai, babu abun da ya samu imaninki.

Ki buɗe suratu Yusuf ki karanta a hankali. Annabi Yaƙubu annabi ne, ɗan annabi, jikan annabi, kuma shi ne bakin da ya furta haƙuri mai kyau, amma shi ɗin dai ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari. 'Ya'yansa suka gaji suka ce masa wai ba za ka daina ambaton Yusuf ba har sai ka lalace, yace shi wajen Allah yake kai kukansa da baƙin cikinsa. Shekaru fa ake magana ba kwana arba'in ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ɗansa Ibrahim yake barin duniya hawaye ya zubo masa har Abdurrahman ɗan Aufu yace har kai ya Manzon Allah, yace wannan rahama ce, ido yana hawaye zuciya tana baƙin ciki amma ba ma faɗin sai abun da Ubangijinmu ya yarda da shi. To ke wace ce da za a ce shekara biyu ta isa ki bushe? Mu ne nan muka mayar da haƙuri kamar mutum ya zama dutse, har in mace ta yi hawaye bayan sadakar bakwai a fara zungurinta ana cewa kina ƙona shi. Abun da aka hana daban, kururuwa da yaga tufafi da maganar saɓo, ke kuma da bakinki kin ce ko don me baki taɓa cewa ba.

Bari in gaya miki abun da ba kasafai nake faɗa ba. Ɗana na fari ƙyanda ce ta kashe shi yana da shekara ɗaya da wata biyu. Lokacin muna wani ƙauye ta wajen Dukku, ni yarinya ce ban san komai ba, manya suka ce a rufe shi a ɗaki kar iska ta taɓa shi kar a yi masa wanka, haka na yi, ina kallo numfashinsa ya dinga yin sama sama har ya cika a cinyata wajen asuba. Sai daga baya na ji wai akwai allurar da ake yi wa yaro yana wata 9 da take tare wannan ciwon. 'Yata wani irin haushi ya kama ni wanda ban taɓa jin irinsa ba, haushin kaina, haushin rashin sani, ina tuƙa tuwo ina jinsa ina kwance ina jinsa. Wannan haushin ne ya mayar da ni makaranta da goyo na biyu a bayana mutane suna cewa me matar aure za ta yi da boko, har na zama ma'aikaciyar jinya na yi sama da shekara 30 ina aiki kafin in yi ritaya. Ba zan iya ƙirga yaran da na yi wa rigakafi da hannun nan nawa ba, kuma in mace tace min maigida bai yarda ba har gida nake bin ta in durƙusa in gaida shi in ba shi labarin ɗana. Na san akwai magidanta yau a garin nan masu gemu da 'ya'ya da suka tsallake ƙyanda ta dalilin wancan daren.

Amma ki ji da kyau. In yau aka ce min ga ɗanki ga aikinki zaɓi ɗaya, wallahi ɗana zan ɗauka ko waiwaye ba zan yi ba. Aikin bai biya ni shi ba kuma ba zai taɓa biya ba. Har gobe in naga yaro mai irin goshinsa sai gabana ya faɗi.

Shi yasa nake ce miki lissafin ƙawarki bai fita ba, duk da na san ba mugunta ta yi ba, yawancin mutane in sun tsaya gaban mai rashi basu san me za su ce ba sai su ɗauko maganar da suka ji ana faɗa. Keken nan yana ɗakinki tun kina amarya, hannun naki ne, basirar Allah ya zuba miki ita tun da. Abun da rashin ya yi shi ne ya kai ki bango har kika juyo kika ga abun da kike da shi. Ki lura da ayar nan ta Alam nashraha da kowa ya haddace tun yana allo, cewa aka yi lalle tare da tsanani akwai sauƙi, har sau biyu. Tare aka ce. Tsananin yana nan da sunansa na tsanani ba a canza masa suna ba, sauƙin kuma ya zo ya zauna kusa da shi. Don haka kina da damar ki yi kukan mijinki da daddare ki tashi da safe ki gode wa Allah a kan kekenki, ɗaya bai ƙaryata ɗaya ba.

Har masana halayyar ɗan Adam sun bi wannan maganar. Akwai wasu malaman jami'a biyu a Amurka, Richard Tedeschi da Lawrence Calhoun, da suka daɗe suna zama da mutanen da masifa ta afka wa, a 1996 suka fitar da ma'aunin irin canjin da mutane ke cewa sun samu bayanta. Abubuwa biyar suka tattara, mutum ya ƙara sanin darajar rayuwa, ya ƙara kusanci da mutanensa, ya gano ƙarfin da bai san yana da shi ba, ƙofofin da bai taɓa lura da su ba su bayyana masa, sannan ruhinsa da addininsa su ƙara zurfi. Abun da ya fi kama ni a maganarsu shi ne sun ce daga kokawar da mutum ya yi da masifar ne canjin ke fitowa, kuma sau da yawa ciwon yana nan bai tafi ba. Ai mu ma mun san haka a madafa, kalwa ba ta zama daddawa don an bar ta a buhu, sai ta sha wuta an surfa an wanke an rufe ta kwanaki.

'Yan matan nan biyu da kike koya wa ɗinki ki riƙe su da kyau, ni a wajena su ne babban abun da ke cikin wasiƙarki. Na tabbata yanzu in wata ta yi rashi a unguwarku ke ba za ki je ki ce mata alheri ne ba, za ki zauna kusa da ita ki yi shiru ki tambaye ta ko yara sun ci abinci, kuma wannan ilimin ba a makaranta ake samunsa ba.

Abu ɗaya zan ƙara a matsayina na tsohuwar nas. In kika ga kukan ya wuce na dare ya cinye miki yini, abinci baya shiga, barci ya ƙaurace, keken ma kin kasa hawa, kina jin rayuwar bata da amfani ko kina tunanin cutar da kanki, kuma abun ya kai mako biyu a jere, wannan kam ya zama ciwon damuwa kuma yana da magani kamar hawan jini. Ki je asibitin koyarwa na tarayya da ke nan Gombe ki ce kina son ganin likitan ƙwaƙwalwa, ba hauka bane kuma ba abun kunya bane, addu'a da magani basa faɗa da juna.

TAMBAYA TA BIYU, daga Bauchi

Goggo barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Wunti shekarata 41, da ina sarin kayan masarufi. Farkon 2023 da takardar kuɗi ta yi wuya saboda canjin kuɗi ciniki ya tsaya cak, bamu farfaɗo ba aka cire tallafin mai a watan Mayu kaya suka yi ta tashi, ka sayar da katan yau gobe kuɗin ba zai sayo maka shi ba. Ana cikin haka wani aminina da muka taso tare na ba shi kaya masu yawa bashi, ba rubutu ba shaida saboda yarda da kunya, ya dinga min gobe jibi ƙarshe ma yace shi bai san kuɗin sun kai haka ba. Jari ya karye, yanzu shagon wani nake tsarewa ni da nake da yara uku a ƙarƙashina. Goggo fushi ke cina, in na gan shi a masallaci ko abun da na karanta a sallah bana sani, kuma abun da ya fi bani kunya in naga sa'o'ina sun canza mota sai inji zuciyata ta yi baƙi, ni da ba haka nake ba. Ya zan yi in kashe wannan abun a raina?

AMSA

Ɗana, Allah ya mayar maka da mafi alheri. Kafin ka kashe shi tsaya ka ji me ya zo gaya maka.

A farkon aikina na yi zama da masu ciwon kuturta, kuma kamar kowa na ɗauka ciwon ne yake cinye yatsu. Ashe abun da ƙwayar cutar take yi shi ne ta kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, sai mutum ya sauke tukunya daga murhu hannunsa yana ƙonewa bai ji ba, ƙaya ta shige masa ƙafa ya yini yana tafiya a kanta, gyambo ya ruɓe bai sani ba, a haka yatsun ke ƙarewa kaɗan kaɗan. Wani likita ɗan Ingila mai suna Paul Brand da ya yi aiki a garin Vellore na Indiya shi ya yi fice wajen nuna wa duniya haka. Masu ciwon suga ma in ya daɗe haka ƙafarsu ke yi, shi yasa muke ce musu su dinga duba tafin ƙafa kullum da ido tunda jiki ya daina basu labari. Wata tsohuwa da nake wanke wa ciwo ta taɓa ce min ita da za ta ji zafi ko na minti ɗaya ne da ta yi sadaka, ban taɓa manta maganar nan ba. Tun ranar na daina ganin zafi a matsayin maƙiyi, ɗan aike ne, saƙonsa ne ba daɗi.

Fushin da kake ji shi ma jijiya ce mai rai, yana gaya maka an taɓa haƙƙinka, kuma gaskiya ya faɗa. Da ba ka ji komai ba da gobe wani ya sake kwasa jibi wani ya ƙara. Hadisin da aka ce jarumi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, jarumi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi, ka lura ba a ce wanda baya fushi ba. Matsalar ita ce naka fushin ka bar shi ba aikin yi, kullum yana zagaye a ciki kamar doki a turke, to dole ya tattake ka. Ba shi aiki. Ka zauna ka rubuta duk abun da ka tuna, ranar da ya ɗauki kaya, katan nawa, wane yaro ya loda, wane mai mota ya kai, ka duba wayarka ko akwai saƙo ko muryar da ya turo yana cewa gobe, ka nemo alat na duk abun da ya taɓa biya. Sannan ka kai maganar wajen shugabannin kasuwa da dattawan da yake jin nauyinsu a zauna a yi sulhu, in ya ƙi akwai kotu kuma akwai rantsuwa. Neman haƙƙi ba rashin haƙuri bane. In ka bi duk wannan aka samu wani abu Alhamdulillah, in ba a samu ba ka zaɓi ka yafe ko ka bar shi da Allah, amma a lokacin za ka yi ne kana tsaye da ƙafarka, kuma zaka ga sallarka ta dawo.

Sai maganar kunyar da ta hana ka rubutu, wannan kam ina so ta dame ka sosai don kar ka sake. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani gaba ɗaya, ta 282 a Baƙara, a kan bashi ta sauka, cewa a rubuta a kafa shaidu ƙarami ne ko babba. Allah da ya halicce mu ya san aminai na cin amanar juna kuma ya san mantuwa. Mu kuma sai mu ce ai ɗan'uwana ne in na ce ya sa hannu zai ga kamar ban yarda da shi ba. Ka zagaya Wunti da Muda Lawal ka tambayi manyan 'yan kasuwar da ka ga ko ƙaninsu uwa ɗaya uba ɗaya sai ya sa hannu a littafi, zaka tarar da yawansu sai da aka taɓa ƙona su kafin suka koya.

Baƙin da zuciyarka ke yi in ka ga motar sa'anka, kunyar da kaji a kansa ita ce shaidar cewa kai ba mahassadi bane, mahassadi na gaske baya turo wasiƙa yana neman magani. Abun da aka hana shi ne ka so ni'imar ta gushe daga hannunsa, amma ka so irinta wannan ba laifi, alama ce ma har yanzu zuciyarka bata mutu ba. In abun ya taso ka ce Allah ya sanya albarka da ƙarfi har kunnenka ya ji ko da zuciyar bata so, sannan wata rana ka cire girman kai ka je ka zauna da ɗaya daga cikinsu ka tambaye shi ya ya yi ya tsallake 2023. Shagon da kake tsarewa kuma ka buɗe ido, yanzu kana ganin kasuwa daga inda yaranka uku suke ganinta da, ka san zafin a kira ka gaban kwastoma a yi maka tsawa, ka san me kuɗin abincin rana yake nufi. Ranar da Allah ya mayar maka da naka shagon, kuma ina maka fatan haka, yaran da za su zauna a ƙarƙashinka za su ci ribar wannan zaman.

TAMBAYA TA UKU, daga Azare

Goggo ina kwana. Shekarata 19, sau biyu ina zana JAMB makin baya kai wa abun da nake so, ƙawayena duk sun wuce jami'a. Yanzu in na tuna jarrabawa sai gabana ya dinga faɗuwa hannuna yana rawa, Baba yace in sake gwadawa amma tsoro nake ji kar in sake ba shi kunya. Ya zan yi tsoron nan ya tafi?

AMSA

'Yata, ba sai ya tafi ba kafin ki fara. Ki tuna Nana Hajara da ruwa ya ƙare mata a kwarin Makka ga jariri yana kuka, tsoro ne na uwa ya tashe ta ta dinga kai da komo tsakanin Safa da Marwa har sau bakwai, bata jira hankalinta ya kwanta ba, da tsoron nata ta yi gudun, ga shi har yau duk alhajin da ya je sai ya bi sawunta. Faɗuwar gaban nan jikinki ne yake shirya miki ƙarfi don ya san abun yana da muhimmanci a wajenki, ɗalibin da nake ji wa tsoro shi ne wanda ya faɗi sau biyu ko a jikinsa.

Ki ɗauko sakamakon nan biyu da kike ɓoyewa ki shimfiɗa su ki duba, darasi huɗu ne kowanne da makinsa, wanne ne yake jawo ki ƙasa duk sau biyun? Can za ki zuba ƙarfinki, ki nemi wanda ya iya shi ya zauna da ke ko sau biyu a mako. In kuma kwamfutar ce take ruɗa ki, ki samu wajen koyon kwamfuta nan cikin Azare ki dinga amsa tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanki har hannun ya saba ya daina rawa. Sannan yau ɗin nan bayan isha'i ki samu Baba ki gaya masa abun da kika gaya min, cewa tsoron ba shi kunya kike yi. Mutumin da yace ki sake gwadawa karo na uku kuma zai ciro kuɗin fom daga aljihunsa a wannan tsadar, ina ganin amsar da zai baki za ta fi tawa. Ki rubuto min bayan kun yi maganar, ina jira.